Babbar Manhaja Da Tsawon Ran Waya: Abin Da Ba A Rubutawa A Jikin Kwali

Kowace wayar zamani, irin wadda ake kira komai-da-ruwanka, abu biyu ne aka haɗa wuri guda: akwai gangar jiki da ido ke gani, wato gilashin fuska da batir da kyamara da ƙananan na'urorin da ke lulluɓe a ciki, akwai kuma tarin umarni da aka rubuta domin tafiyar da wannan jiki, waɗanda ake kira manhaja. Manhajojin da jama'a suka fi sani su ne na harkar yau da kullum, irin su WhatsApp da Facebook da na bankuna, amma dukkansu a kan wata babbar manhaja suke zaune, wadda ita ce ke tashi da zarar an kunna waya, ta ba kowace ƙaramar manhaja gurbinta da lokacinta, ta yanke hukunci a kan wadda za ta taɓa kyamara ko ta karanta lambobin mutane, ta kuma sa ido a kan yadda ake shan batir. Matsayinta ya yi kama da na sarkin kasuwa, wanda ba shi ke sayar da kaya ba, amma shi ke raba rumfuna, shi ke tsare ƙofa, kuma idan ya yi rauni ɓarayi ne ke fara ganewa.

Mai sayen waya a kasuwar Farm Centre ta Kano, ko a Computer Village da ke Ikeja, ko a shagunan Maraɗi da Damagaram, galibi tambayoyinsa ba sa wuce girman memori da ƙarfin kyamara da daɗewar caji, domin su ne aka buga da manyan lambobi a jikin kwali, su ne kuma mai shago ya haddace. Sai dai waya tana da ajali iri biyu. Na farko shi ne na jiki, lokacin da gilashi ya tarwatse ko batir ya kumbura, kuma wannan mai gyara yana iya jinkirta shi. Na biyu shi ne na manhaja, lokacin da kamfanin da ya ƙera wayar ya daina aiko mata da sabuntawa, sannu a hankali manhajar banki ta ƙi buɗewa, WhatsApp ya sanar da cewa ya daina aiki a kanta, alhali jikinta lafiya lau yake. Wannan ajali na biyu a wani ofis mai nisa ake yanke shi, sau da yawa tun kafin wayar ta shiga kwali, kuma shi ne ya fi cancantar a yi tambaya a kansa kafin a ƙirga kuɗi.

Tarihin shekarun baya ya isa hujja. A 1998 kamfanonin Nokia da Ericsson da Motorola da Psion suka haɗa hannu suka kafa Symbian, babbar manhajar da ta mamaye kasuwar manyan wayoyi na kusan shekara goma, wadda kuma ita ce a cikin N70 da N95 da E71 da aka yi yayinsu a Najeriya bayan zuwan layukan salula a 2001. Daga Kanada kuma kamfanin Research In Motion ya fito da BlackBerry, wadda a wani lokaci mallakarta da raba lambar fin ta manhajar saƙonninta mai suna BBM suka zama alamar wayewa a tsakanin ma'aikata da ɗaliban jami'a. A Janairun 2007 Steve Jobs ya gabatar da iPhone, a 2008 Apple ya buɗe shagonsa na manhajoji mai suna App Store, a ƙarshen wannan shekara kuma wayar farko mai ɗauke da Android, ƙirar HTC, ta shiga kasuwa. Nokia ya ga ƙasa tana zame masa, sai ya jingine Symbian a 2011 ya rungumi Windows Phone ta kamfanin Microsoft, wanda daga bisani ya saye sashen wayoyin Nokia gaba ɗaya a 2014. Wayoyin Lumia da suka fito daga wannan haɗaka ba su rasa inganci ba, wasunsu ma kyamararsu ta fi ta takwarorinsu, abin da suka rasa shi ne manhajoji. Masu rubuta manhaja ɗabi'arsu ɗaya da ta 'yan kasuwa, inda jama'a suka taru nan suke kasa kaya, jama'a kuma inda kaya suke nan suke nufa, don haka duk babbar manhajar da ta koma ta uku a wannan tsere ta rasa ɓangarorin biyu a lokaci guda. WhatsApp ya janye daga Symbian da BlackBerry a 2017, Microsoft ya rufe babin Windows ta waya, sannan a ranar 4 ga Janairun 2022 aka kashe na'urorin da ke riƙe da hidimomin tsofaffin wayoyin BlackBerry. Miliyoyin mutane sun wayi gari da wayoyi masu ƙoshin lafiya da suka daina amfanuwa.

Abin da ya rage a yau, in aka keɓe ƙasar Sin, gida biyu ne. Apple shi ke ƙera iPhone, shi ke tsara ƙwaƙwalwar da ke cikinta, shi ke rubuta babbar manhajarta mai suna iOS, kuma bai yarda wani kamfani ya ɗora ta a kan wayarsa ba. Android kuwa wani ƙaramin kamfani ne ya faro ta a 2003 ƙarƙashin jagorancin Andy Rubin da abokansa, Google ya saye shi a 2005, ya gina ta a kan tushen Linux, wato manhajar da Linus Torvalds ɗan ƙasar Finlan ya fara rubutawa a 1991, sannan ya bar ƙofa buɗe ga duk mai ƙera waya ya ɗauka. Wannan buɗe ƙofa shi ya sa kimanin bakwai cikin kowace wayar zamani goma a duniya Android ce, a Najeriya da Nijar kuwa rinjayenta ya zarce haka, domin ana samunta daga wayar da ɗan acaɓa zai iya saye har zuwa wadda ta kai kuɗin fili. Bambancin gidajen biyu ya samo asali daga inda kowannensu ke cin riba: Apple daga cinikin wayar da hidimomin da ke biye da ita, Google kuwa mafi yawan kuɗinsa daga talla, wanda ke buƙatar mutane da yawa su riƙa bincike da kallon bidiyo da duba taswira ta hanyarsa.

Yana da muhimmanci a fahimci cewa abin da ake kira Android a kasuwa hawa uku ne. Hawa na ƙasa shi ne ginshiƙin da kowa ke iya ɗauka kyauta. Hawa na biyu shi ne hidimomin Google, wato shagon Play Store da Gmail da YouTube da taswira da wasu ɓoyayyun sassa da manhajoji da yawa ke dogara da su wajen aiko da sanarwa ko tantance wuri, kuma wannan hawa sai da lasisi ake samunsa. Hawa na uku shi ne rigar da kowane kamfani ke ɗinka wa wayarsa: Samsung yana da One UI, Tecno yana da HiOS, Infinix yana da XOS, Oppo yana da ColorOS, Xiaomi kuma ya maye gurbin MIUI da HyperOS a 2023. Nauyin hawa na biyu ya bayyana ƙarara a watan Mayun 2019, lokacin da gwamnatin Amurka ta sanya Huawei a jerin kamfanonin da aka taƙaita hulɗa da su, lamarin da ya hana sababbin wayoyinsa hidimomin Google, ya kuma durƙusar da cinikinsa a wajen ƙasar Sin duk da cewa wayoyin suna cikin mafiya inganci a lokacin. Kamfanin ya mayar da martani da tasa babbar manhajar, HarmonyOS, wadda sabon nau'inta na 2024 ya rabu da Android kwata-kwata. Wanda duk zai sayi wayar da aka ƙera domin kasuwar cikin gida ta Sin ya kamata ya tabbatar Play Store yana cikinta kuma manhajar bankinsa tana buɗewa, tun yana gaban mai shago.

A nahiyar Afirka babu wanda ya ci moriyar buɗaɗɗiyar ƙofar Android kamar Transsion, kamfanin birnin Shenzhen da aka kafa a 2006, mamallakin Tecno da Infinix da itel. Nasararsa ba ta zo da sa'a ba, ta zo ne daga lura da yadda mutane ke rayuwa: ya ga ana yawo da layi biyu ko uku saboda sabis ba ya tsayawa wuri ɗaya, sai ya mayar da gurbin sim biyu ƙa'ida; ya ga wutar lantarki ba ta da tabbas, sai ya ƙara girman batir; ya ga kyamarorin da aka saba da su ba sa fitar da fuskar baƙar fata yadda ya kamata, sai ya gyara lissafin hasken; ya kuma buɗe cibiyoyin gyara na Carlcare a manyan birane. Wannan abin yabawa ne, kuma ya sanya intanet a hannun mutanen da manyan kamfanoni ba su waiwaya ba. Amma arha tana da inda ake fanshe ta. Wayoyi masu sauƙin kuɗi, na wannan kamfani da na wasunsa, sukan zo da manhajojin da mai saye bai nema ba, wasu ba sa goguwa, wasu suna jefo talla a fuskar waya suna cin data da batir, domin kamfanin yana neman a talla abin da ya sassauta a farashi. A 2020 wani bincike ya gano muguwar manhaja mai suna Triada a cikin dubban wayoyi ƙirar Tecno W2 da aka sayar a wasu ƙasashen Afirka, tana ƙoƙarin yi wa masu wayoyin rajistar hidimomin da ake biyan kuɗi ba da saninsu ba, kamfanin kuma ya amsa faruwar hakan, ya ɗora alhakin a kan wani dillali da ke cikin jerin masu samar masa da kaya, ya fitar da gyara. Abin lura a nan shi ne gyaran ta hanyar sabuntawa ya zo, kuma wayar da ba ta karɓar sabuntawa ba ta da hanyar warkewa daga irin wannan cuta.

Sabuntawa iri biyu ce, kuma sau da yawa akan cakuɗa su. Akwai babbar sabuntawa, wadda ke ɗaga waya daga wani zango zuwa na gaba, kamar daga Android 13 zuwa 14, tana kawo sabon fasali da sababbin dabaru. Akwai kuma facin tsaro, wanda ba ya canza kamannin komai, aikinsa kawai toshe kafofin da masu kutse suka gano. Babbar manhaja ta ƙunshi miliyoyin layukan umarni da 'yan Adam suka rubuta, don haka kuskure ba ya ƙarewa a cikinta, kuma duk kuskuren da aka bayyana wa duniya ya zama makami a hannun wanda ya iya amfani da shi. A 2015 aka gano wata kafa da aka yi wa laƙabi da Stagefright, wadda ta hanyarta saƙon bidiyo kaɗai yana iya buɗe wa mai kutse wayar Android, kuma daga wannan shekara Google ya fara fitar da faci kowane wata. Matsalar ita ce facin ba ya tafiya kai tsaye daga Google zuwa hannun mai waya: sai ya bi ta wurin masu ƙera ƙwaƙwalwar waya, irin su MediaTek da Qualcomm da Unisoc, sannan ta wurin kamfanin wayar, wanda zai daidaita shi da rigarsa ya gwada shi a kan kowane samfuri. Kowane mataki yana cin kuɗi da lokacin injiniyoyi, kamfanin da ke fitar da samfura da dama a shekara a kan ƙaramar riba kuwa ba shi da abin da zai ja shi ya ci gaba da hidimta wa wayar da ya riga ya karɓi kuɗinta. Google ya yi ƙoƙarin gajarta wannan hanya, musamman da tsarin Treble na 2017 da kuma aika wasu gyare-gyare ta Play Store, amma har yanzu kamfanin wayar ke da ta cewa a kan mafi yawan abin.

Daga nan ne tazara ta fito fili. Google ya yi alƙawarin shekara bakwai na sabuntawa ga Pixel 8 a 2023, Samsung ya yi irin wannan alƙawari ga Galaxy S24 a farkon 2024, ya kuma ba Galaxy A16, wadda ke cikin masu matsakaicin farashi, shekara shida. A ɓangaren Apple, iPhone 6s da ta fito a 2015 ta ci gaba da karɓar babbar sabuntawa har zuwa iOS 15 a 2021, da facin tsaro bayan haka. Wayoyi masu arha da dama kuwa babbar sabuntawa ɗaya suke gani, wasu ko ɗaya ba sa gani, facin tsaro ma yakan tsaya bayan ɗan lokaci ba tare da sanarwa ba. Idan aka ɗauki misali da waya ta naira 150,000 da za ta yi shekara biyu cikin aminci, da wata ta naira 240,000 da za ta yi biyar, ta farko tana cin naira 75,000 a shekara, ta biyu kuma 48,000, wato mai tsadar ita ce mai arha. Wannan lissafi gaskiya ne, amma ba ya warware wa mai ƙaramin ƙarfi komai, domin abin da ke aljihunsa yau shi ke yanke hukunci. Kuma nan ne rashin adalcin yake: wanda ya fi kowa daɗewa da waya, wanda idan ya gama da ita zai miƙa wa matarsa, ita kuma ta miƙa wa ƙanenta, shi ake sayar wa wadda ta fi kowacce gajeren rai, alhali a cikinta yake karɓar kuɗin cinikinsa da albashinsa. Tarayyar Turai ta ɗauki mataki a kan haka, inda daga 20 ga Yunin 2025 ta wajabta wa masu sayar da waya a ƙasashenta su samar da sabuntawa na aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da samfurin, da kayan gyara na shekara bakwai. Hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, wadda ke tantance samfuran waya kafin a amince da sayar da su, da takwararta ta Nijar, za su yi wa jama'a babban aiki ko da abin da suka wajabta bai wuce a buga ranar ƙarewar sabuntawa a jikin kwali ba, kamar yadda ake buga ranar lalacewar magani.

Tsawon ran iOS shi ya raya kasuwar kwancen iPhone, waɗanda ake shigowa da su daga Ingila da Amurka da Dubai, kuma sayensu yana iya zama dabara mai kyau idan aka san shekarar da samfurin ya fito, domin daga wannan shekara ake ƙirga kwanakinsa, ba daga ranar da ya shiga hannun mai shi na biyu ba. iPhone XR, alal misali, ta fito a 2018, kuma iOS 26 ta 2025 ba ta hau kanta ba, amma ita ce aka fi sauya wa jiki a mayar da ita kamannin sababbin samfura masu kyamara uku, a sayar wa wanda ya san haka da wanda bai sani ba. Sashen bayanin waya da ke cikin saiti yana nuna ainihin sunan samfurin, ko wace riga aka sanya masa. A cikin saitin kuma ake ganin lafiyar batir, wadda idan ta sauka ƙasa da kashi 80 cikin ɗari alama ce ta batirin ya kusa neman canji. Tun daga iOS 7 a 2013 kowace iPhone tana ɗaure da asusun iCloud na mai ita, ta yadda idan bai cire asusunsa ba wayar tana iya kullewa ta zama ba ta da amfani sai a matsayin kayan gyara, Android ma tana da irin wannan makulli tun 2015, saboda haka ba a biyan kuɗin kwancen waya sai an goge ta gaba ɗaya a gaban mai sayarwa, an kuma shigar da sabon asusu ya zauna. Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne samfuran Amurka daga iPhone 14 zuwa sama ba su da gurbin sim, sai layin da ake saukewa a cikin wayar, wanda ake kira eSIM, kuma wannan yana buƙatar zuwa ofishin kamfanin layi maimakon zare kati daga tsohuwar waya.

Lambobin da ke jikin kwali suna da amfani idan aka san abin da suke aunawa. Ram ita ce faifan aiki, inda waya ke baje manhajojin da ke buɗe a lokacin, ma'adana kuwa ita ce rumbun da hotuna da bidiyo da saƙonni ke kwana. Wayar da ram ɗinta bai wuce gigabayit 2 ba yawanci tana ɗauke da Android Go, sassauƙan nau'in da Google ya fitar a 2017 domin ƙananan wayoyi, wanda ya isa kira da WhatsApp da sauraron karatu, amma yakan gaji idan aka tara masa manhajoji. Gigabayit 4 ne mafi ƙarancin abin da zai ba da natsuwa a yau. Rubutun da ake gani na 8+8 ko 4+4 yana buƙatar hattara, domin lamba ta biyu aro ce da aka yanko daga ma'adana, wadda saurinta bai kama ƙafar ram ta gaskiya ba, don haka lamba ta farko kaɗai ce abin dogaro. Haka batun kyamara yake: yawan megafiksel yana nuna adadin ɗigon da hoto ya ƙunsa ne kurum, kyawun hoto kuwa ya fi dogara ga girman idon da ke karɓar haske da ƙwarewar manhajar da ke sarrafa shi, shi ya sa kyamara mai 12 a wata waya take fin mai 108 a wata. Hoto ɗaya da aka ɗauka a cikin shago mai duhu ya fi duk abin da kwali zai faɗa.

Batir ya cancanci a daɗe a kansa saboda yanayin ƙasar Hausa. Batir mai 5,000 ya zama ruwan dare, amma wannan lamba girman tulu ce, ba ta faɗin saurin da ruwan ke ƙarewa, wanda ya danganta da ƙwaƙwalwar wayar da hasken fuska da ƙarfin sabis, domin waya a wurin da sabis ke da rauni takan ƙara ƙoƙari wajen neman turken sadarwa, ta sha caji fiye da kima. Babban abokin gabar batirin litiyam shi ne zafi. Apple ya bayyana cewa an tsara wayoyinsa su yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyas, alhali a Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin bazara yakan haura 40 a inuwa, kuma wayar da aka jona a caji a shagon masu caji, tsakanin wasu wayoyi hamsin a ƙarƙashin rufin kwano, tana tsufa da sauri fiye da yadda masu ƙera ta suka ƙiyasta. Caja marar inganci da wutar janareta mai hawa da sauka suna ƙara wa wannan lahani. Ƙurar hunturu ma tana da nata ɓarnar a ramin caji da lasifika, kuma alamar IP da ake gani a bayanin wasu wayoyi ita ke nuna kariya, inda lamba ta farko take nufin ƙura, 6 kuma ita ce ƙololuwa, ta biyu take nufin ruwa. Tun da batir da gilashi su ne suka fi saurin lalacewa, tambayar ko ana samun na canji a garin da mutum yake, da nawa ake sayar da su, ta fi tambayar launin waya muhimmanci nesa ba kusa ba; akwai samfura masu kyau da gilashinsu kaɗai yake kai rabin kuɗin wayar, ko kuma sai an aika Legas a jira.

Batun 5G bai kamata ya ɗaga hankalin mafi yawan masu saye ba tukuna. An yi gwanjon lasisinsa a Najeriya a Disambar 2021, MTN ya fara aiki da shi a 2022, Airtel a 2023, amma har yanzu a sassan manyan birane yake, kuma 4G mai ƙarfi ta wadatar da kusan duk abin da ake yi da waya.

Tsaron waya ba ya ƙarewa a kan kamfani, domin Android ta ba mai ita 'yancin ɗora manhaja daga ko'ina, kuma al'adar tura manhajoji ta Xender ko karɓarsu a wurin masu tura fina-finai, wadda tsadar data ta haifar, tana tsallake binciken da Play Store ke yi. Jabun WhatsApp da ake yi wa ƙarin dabaru, da manhajojin da ke alƙawarin data kyauta, suna cikin manyan hanyoyin da ake sace asusun mutane. Tun daga Android 6 a 2015 kowace manhaja sai ta nemi izini kafin ta taɓa lambobin mutane ko saƙonni ko wurin da mai waya yake, kuma wannan tambaya ita ce ƙofar da mai waya ke tsaro da kansa: manhajar tocila ba ta da hujjar karanta saƙonni. An ga illar sakaci da wannan a lamarin manhajojin bashi, waɗanda suka riƙa kwashe lambobin waɗanda suka ci bashi suna aika wa danginsu da abokan aikinsu saƙon tozarci, har sai da hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya ta shiga tsakani, Google kuma ya haramta wa irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotuna a 2023. Tun bayan ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 a Najeriya, da ya tura har masu ƙosai da masu shayi zuwa karɓar tiransifa, waya ta zama lalita, ɓarawon waya kuma sau da yawa sim ɗin yake nema, domin da shi ake shiga asusun banki ta gajerun lambobi. Sanya wa sim lambar sirri tasa ta daban, wadda ba ta ɗaukar minti biyu a cikin saiti, tana rufe wannan hanya ko da an zare shi an sanya a wata waya. iOS ta fi tsauri wajen hana shigo da manhaja daga waje, wanda hakan kariya ce ta gaske ga wanda bai ƙware ba, ko da yake manhajar leƙen asiri ta Pegasus ta nuna cewa ita ma ana iya fasa ta.

Akwai wani ma'auni da ba kasafai ake ambatarsa ba, wato yadda waya ke karɓar harshen mai ita. Rubutun Hausa yana buƙatar haruffa masu ƙugiya, kuma rashinsu ke sa ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata, mai karatu ya riƙa cankar ma'ana daga abin da ke kewaye. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa, Apple kuma ya ƙara ta a iOS 17 a 2023, don haka wannan giɓi yanzu na rashin sani ne fiye da na rashin kayan aiki, kuma cike shi bai wuce ƙara harshe a cikin saiti ba. Ga dattijo ko wanda bai yi karatun boko ba, wayar da ta fi dacewa ita ce mai lasifika mai ƙarfi da fuska mai haske a rana da tsari marar cunkoso, tun da saƙon murya shi ne wasiƙarsa. Wani ma ƙaramar waya mai madannai, wadda ke yin kwanaki ba caji kuma take aika kuɗi ta gajerun lambobi, ita ce ta fi yi masa aiki.

Binciken da ya kamata a yi a gaban mai shago gajere ne. Idan aka danna *#06# waya tana nuna lambarta ta shaida mai alƙaluma 15, wadda ake kira IMEI, kuma dole ta yi daidai da ta jikin kwali da wadda za a rubuta a rasit, domin saɓani a tsakaninsu yana nuna jabu ko kwali na aro, rasit mai ɗauke da lambar kuma shi ne hujjar mai saye idan wata rana aka ce wayar ta sata ce. Wanda zai karɓi waya a kan biya kaɗan-kaɗan ya san cewa irin wannan ciniki yana zuwa da manhajar da ke kulle wayar idan an makara, ya kuma tara jimillar abin da zai biya ya gwada da farashin kuɗi hannu. Daga nan sai a buɗe saiti, a gangara zuwa bayanin waya, a duba zangon Android da kuma kwanan watan facin tsaro na ƙarshe. Sabuwar waya dal a kwali da facinta ya haura shekara, ko dai ta daɗe a shago, ko kamfaninta ya riga ya juya mata baya, kuma hanyar rarrabe tsakanin biyun ita ce a jona ta da intanet nan take a nemi sabuntawa, a ga ko wani abu zai sauko.